Robar Hanci da Shuɗin Kofi

Tun safe ake ruwa a Suleja, irin na watan Agusta, wanda ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa, zuba kawai yake yi. Haidar na kan kafaɗata, da hannu ɗaya nake danna wayar nan, in kun ga kuskure ku yi haƙuri. Watansa biyu. Mura ta kama shi tun wancan makon, hancin yana gurnani a kunnena kamar ƙaramin injin markaɗe. Wannan gurnanin ne ya mayar da ni baya shekara takwas, lokacin yayarsa Ilham. Ban taɓa ba kowa labarin nan ba, ko Innata. Yau dai zan faɗa, ko ƙirjina zai sauka.

A kicin ɗina akwai wata ƙusa gefen taga. Shekara takwas wani shuɗin kofi yana rataye a gidana. Na maigidana ne, Abban Ilham. Ba na sha da shi, shi kuma ba ya sha da wanda na kai bakina. Mun tashi daga wancan gida zuwa wannan, kofin ya biyo mu, ƙusar ce kawai aka sake. In baƙi suka tambaya sai in ce ai shi mutum ne mai tsantseni. To ga asalin tsantsenin.

Lokacin muna unguwar Hashimi, gidan haya, ciki da ɗan falo, irin gidan nan da ƙofar kowa take kallon ta wani. Na je wankan gida Zariya, na yi arba'in, Inna ta sako ni mota da jaririya da garin kunu da yajin jego cikin robar fenti. Na bar Zariya ana rana. Na sauka Suleja ana ruwa, kuma ruwan nan bai ba mu fuska ba har wata ya ƙare.

Wanda bai yi damina a ɗakin ƙasa a Suleja ba, ba zai gane ba. Bango gumi yake yi. Ka jingina ka tashi da jiƙaƙƙen baya. Gishiri ya narke a robarsa ya zama ruwa. Ashana sai ka ƙyasta biyar kanta yana marmashewa kafin ɗaya ta kama. Takalman Abban Ilham da ke ƙarƙashin gado kullum da safe sun yi farar funfuna, shi kuma kullum sai ya zauna ya goge su tas kafin ya fita, don shi mutum ne da ba ya shiga Abuja da datti. Bayan asuba yake fita, sai bayan isha'i nake ganinsa, ya dawo yana zagin gosulon Madalla. Tsakanin fitarsa da dawowarsa, daga ni sai Ilham sai ƙarar kwano.

Nafkin ne ya fi ba mu wuya. Ba rana, ina za a shanya? Igiya ɗaya ce a baranda, mu shida masu goyo a gidan. Muka tsara abin: kowa da ranarta a igiya, sauran kuma mu gasa a kurfoti. Gawayin ma jiƙaƙƙe, hayaƙi ya fi wuta yawa. In ta kama sai a kifa kwando a kai, a shimfiɗa nafkin, ana juyawa kamar ana gasa tsire. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen tsumma da hayaƙi sai in tuna barandar nan. In kwata ta toshe kuma, ruwa ya taru a tsakar gida yana neman bakin ƙofofi, sai mu fito gaba ɗaya da bokiti da tsintsiya, zani a ɗaure a gwiwa, muna kwarfewa. Ba Musulma ba Kirista a wannan aikin, kowa katifarta take tsoro. Abinci kuwa, rana da yawa garin kwaki nake jiƙawa in sha a tsaye, don kafin wuta ta kama yarinya ta tashi.

Cikin wannan hali mura ta kama Ilham.

Ni a lokacin ban san jariri ba ya iya numfashi ta baki yadda babba yake yi ba. Na ɗauka mura mura ce, a goge hanci a wuce. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Ta kama nono da yunwarta, ta ja sau biyu, ta saki tana haki, ta yi kuka, ta sake kamawa, ta sake saki. Ga abinci a bakinta, ga yunwa a cikinta, hanci ya hana. Ni kuma nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, ko rigata ta taɓa sai na cije leɓe. Ita tana kukan yunwa, ni ina tatsewa a kofi ina zubarwa a kwata.

Na kira Inna. Ta ce, "Sanyi ne ya shige ta. Ki rufe taga, ki shafa mata man zafi a hanci, ki sa turare ya game ɗakin. Kin cire mata hular ko? Na san halinki."

Na ce ban cire ba. Na rufe taga, na sa turare. Ɗakin ya yi duhu da hayaƙi, yarinya ta ƙara shaƙewa har da tari. Matan gidan kowa da nata. Wata ta ce in ɗiga nono a hancin. Wata ta miƙo min tsinken goge kunne. Na gwada sau ɗaya, hancin ya yi ja, ta tsandara kukan da ya sa na jefar da tsinken.

Da ruwa ya ɗan tsagaita wata safiya na saɓa ta sai ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin ta ɗaga rigarta ta kalli ƙirjin, ta auna zafin jiki, ta ce ba zazzaɓi, ƙirjinta lafiya, hanci ne kawai. Ta shinshina showal ɗin ta kalle ni.

"Maman bebi, turare kike mata?"

Na sunkuyar da kai.

"Ki daina. Hayaƙin gawayi ma ki fitar waje. Man zafi kar ya je kusa da hancinta, tsinke ma haka. Ki nemi salin, ruwan gishiri ne na kemis da ake ɗiga wa jarirai, kar ki yarda a ba ki maganin ɗigawa na manya. Sai robar zuƙe majina, 'yar ƙarama ce mai kai kamar albasa. Amma in kika ga haƙarƙarinta yana shiga ciki in tana numfashi, ko jiki ya yi zafi, ko ta ƙi nonon gaba ɗaya, ki taho ko ana ruwan ƙanƙara."

Kemis ɗin layinmu ba shi da ko ɗaya, sai na manyan da aka ce kar in karɓa. Na gaya wa Abban Ilham zan shiga cikin gari in nema. Ya ce, "Da jaririya cikin ruwan nan? Kar ki fita. Abuja nake zuwa kullum, me ye babu a can? Zan taho da su."

Ranar ya dawo hannu biyu. Ya ce aiki ya riƙe shi. Washegari na tura masa saƙo da rana, ya amsa da "ok". Ya dawo ya ce ruwa ne, ya samu mota da ƙyar, ba zai sauka neman kemis ba. Rana ta uku ya ce, "Kai, na manta wallahi. Gobe." Ya leƙa fuskarta tana barcin gajiya, bakinta a buɗe, ya ce ai ta ji sauƙi. Ba ya nan lokacin da take yaƙi da nono, shi barcinta kawai ya sani.

Maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa ita ce Mama Chinedu, Ibo ce, tana sayar da manja da garin kwaki a kasuwa. Shekarunta sun kusa na Inna. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, kuma har na bar gidan Amarya take ce min. Ranar Juma'a da azahar ta dawo daga kasuwa a jiƙe, ta tura ƙofata ba sallama, ta ajiye wata 'yar kwalba a kan gado.

"Amarya, ga salin. Roba babu, na zaga. Yarinya ya sha nono yau?"

Na ce tun safe ba ta yi ja biyar ba.

Ta buɗe taga, ta bar ƙofa a wangale, ta ce iska ta shigo. Ta sa na kwantar da Ilham a cinyata, na ɗiga mata biyu a kowane ɓangare. Muka jira. Majinar ta yi laushi, muna jinta tana motsi a ciki, amma ta ƙi fitowa. Na ba ta nono, ta kama, ta saki. Kukan ma ya fara ƙarewa, wani siririn sauti take yi kamar ɗan mage. Wannan ya fi kukan ba ni tsoro.

Mama Chinedu ta ce, "Amarya, sa baki."

Na ce, "Baki kuma?"

"Bakinka. Ka ja. Mama na haka ya yi mana, mu bakwai."

Ku sani, ni ma mai ƙyanƙyami ce. A gidanmu ni ce wadda ba ta cin abinci in wani yana fyace hanci. Na kalli Mama Chinedu, na kalli yarinyar. Leɓenta ya bushe. Na tashi na kurkure bakina da ruwan fulas, na dawo, na yi bisimilla, na sunkuya.

Ɗumi ne da gishiri-gishiri. Shi ke nan abin da zan iya tunawa. Na ja a hankali, na tofar a tsumma. Ta zabura ta fasa kuka, kuka na gaske mai ƙarfi wanda na kwana uku ban ji ba. Mama Chinedu ta ce, "Ehen. Ɗayan." Na sake sunkuyawa kan ɗaya ɓangaren.

Ina ɗagowa da abin a bakina na ga inuwa a ƙofa, Abban Ilham ne. Ranar Juma'a ce, an tashe su da wuri. Yana tsaye da lema a hannu, ruwa na ɗiga daga bakinta, ƙafar wandonsa a naɗe. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

Na tofar. Na sa ta a nono. Ta kama, ta ja, ta ja, ba ta saki ba. Ina jin haɗiyarta, ƙut, ƙut, ƙut. Zafi ya tsarga min har baya, hawaye ya zubo, ban san na zafi ne ko na daɗi ba. Na ɗago ina dariya ina kuka, na ce, "Abban Ilham, ka ga tana sha."

Ba ita yake kallo ba. Bakina yake kallo.

Ya ce, "Me na ga kina yi?"

Mama Chinedu ta ce, "Oga, barka da zuwa. Yarinya ya samu hanya."

Ni ya fuskanta. Ya ce, "Da bakinki? Haka ake yi a gidanku?"

Na ce, "Ina robar?"

Sai ya juya, ya je bakin kwata ya tofar da yawu, sau biyu, kamar shi ne ya sa bakin. Matan gidan suna baranda suna gasa nafkin, duk sun gani. Mama Chinedu ta ɗauki tsumman da kanta ta fita da shi, ta ja min ƙofa.

Da magariba na kawo masa abinci da ruwa. Ya ɗaga kofin ya duba gefensa ya ce, "Da wanne kike sha?" Na ce duk ɗaya ne, wanda hannuna ya kai. Ya ajiye. Ya tashi ya buɗe drowar kayan jerena, ya zaro wani shuɗi daga cikin saitin da Inna ta saya min, wanda ko takardar jikinsa ba a ɓare ba. Ya wanke shi da kansa da ruwan zafi. Ya nemo ƙusa.

Robar dai ba ta zo ba. Na koma asibiti, nas ta ce kar in mayar da bakin al'ada, don ana iya sa wa jariri cuta ta nan, shi ma ya sa maka. Na ce na ji. Da salin da buɗe taga da fitar da kurfoti waje, murar ta wuce cikin mako. Damina ta wuce. Bango ya bushe. Kofin ne bai sauka ba.

Kar ku ce mugun mutum ne, da mugu ne da abin ya fi sauƙi. Bai taɓa ɗaga min hannu ba, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Amma da muna ci a faranti ɗaya, daga ranar kowa da nasa. In ya shigo kicin ya tarar ina ɗanɗana miya da ludayi sai ya kau da kai. Akwai sauran abubuwan da ba zan rubuta a waya ba, matan aure kun gane. Sau biyu na tayar da maganar. Ya ce, "Ke matsalarki riƙo. Kowa da kofinsa ai tsafta ce, likitoci ma haka suke cewa." Amma Ilham in ta sha lemo ta rage, karɓa yake ya shanye. Biskit ɗin da ta tsotsa ta jiƙe da yawu, sai ta tura masa a baki ya ci yana dariya. Mai hancin ba ta da laifi. Bakin da ya buɗe hancin ne mai laifi.

Yanzu muna unguwar Maje, cikin sababbin gidajen nan da aka gina inda da gonar doya ce. Tayil ne a ƙasa, tagogi manya, gas a kicin. Nafkin ba wanda yake gasawa. Ba na jin ƙarar kwano sai dai in ga ruwa a gilashi. Ba ni da Mama Chinedu kuma, maƙwabtana ko sunansu ban gama sani ba. Na ji an ce ta koma garinsu, ƙafa ta matsa mata.

Da Haidar ya fara gurnanin nan wancan makon ban ce wa kowa komai ba, na yi niyyar in aika mai mashin da safe. Sai ga Abban Ilham ranar Juma'a da yamma da farar ledar kemis. Ban tambaye shi ba, ban tura saƙo ba. Salin, da robar. 'Yar ƙarama mai kai kamar albasa, yadda nas ta faɗa. Na riƙe ta a tafin hannuna. Ko nauyi ba ta da shi.

Asabar da safe ya ce in kawo yaron, ya kalli bidiyo a ofis, zai nuna min. Ilham ta hau kujera tana kallo. Kuma gaskiya ya iya. Ya kwantar da shi rigingine, ya ɗiga biyu nan biyu nan, ya ce a jira kaɗan ta yi laushi. Ya ce, "Sai kin matse robar tukuna kafin ki kai hanci, in ba haka ba iska za ki hura masa. Bakin kawai za ki sa, ba a turawa ciki. Sai ki saki a hankali." Ya saki, abin ya yi furrr, ya matse a tishu. Ya yi ɗayan. Ya ce kafin shan nono ake yi, in bayan ya sha ne zai yi amai, kuma kar in yi ta yi duk bayan minti, sau uku ko huɗu a yini ya isa, kar hancin ya kumbura. Haidar ya yi atishawa ya yi shiru. Na sa shi a nono ya kama.

Abban Ilham ya ɗaga robar yana murmushi. "Kin gani? Cikin tsafta. Ba sai an..." Bai ƙarasa ba.

Ilham ta ce, "Ba sai an me, Abba?"

Ya ce, "Ba komai, uwata."

Ta ce, "Ni ma da ina bebi da wannan aka yi min?"

Ya ce, "Lokacinki babu irin wannan."

Na ce, "Akwai. A Abuja."

Ya kalle ni, na kalle shi. Ilham ta kalli wannan ta kalli wancan. Sai ya gyara murya ya koma maganar bidiyo. Ya ce kowane amfani sai an wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi, ciki da waje, a kife ta ta bushe. "Ki ware mata kofi ɗaya, kar a haɗa da wanda mutane suke sha."

Da Haidar ya ƙoshi na miƙa masa shi. Na shiga kicin. Na tsaya gaban ƙusar nan. Wallahi ban shirya ba, hannuna ne ya tafi. Na sauke shuɗin kofin, na zuba ruwan ɗumi da sabulu, na jefa robar ciki, na fito da shi falo na ajiye a kan tebur ina matsawa, kumfa na tashi.

Ya ce, "Wannan ai nawa ne."

Na ce, "Ka ce a ware. Shi kaɗai ne a ware a gidan nan."

Ilham ta ɗauka wasa ne. Ta ruga kicin ta ɗebo ruwa a kofina, mai hoton fulawa wanda na sha shayi da shi da safe, ta ce, "Abba ga wani, ka sha da na Mami." Ta miƙa masa da hannu biyu yadda na koya mata.

Ba zan ɓoye ba. Shekara takwas, amma a wannan ɗan lokacin na sa rai. Na ce ko don idon yarinyar. Kurɓi ɗaya, shi ke nan, in manta da kwata da yawu da komai.

Ya karɓa. Ya riƙe. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ba na jin ƙishi yanzu." Ya ajiye a gefen kujera. A nan na tarar da kofin da azahar, ƙuda ya faɗa ciki. Asabar da Lahadi ruwan leda ya yi ta sha, yana fasawa da haƙori.

Litinin aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gosulon Madalla ranar har a rediyo aka faɗa, tirela ce ta faɗi ta tare hanya. Ya shigo a jiƙe sharkaf, takalmi a hannu, da wata baƙar leda a ƙarƙashin riga don kar ta jiƙe. Ya miƙo min ya ce, "A wanke da ruwan zafi."

Kofi ne. Shuɗi. Sai da ya sauka daga mota ya nema, cikin ruwan nan.

Bai manta ba.